Haƙorin da Ya Kwanta a Muƙamuƙin Yaya

Ni ce marar lafiya ran da muka tafi Katsina. Yaya rakiya ya yi mani.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, ga goyo a bayana, sai wani ciwo ya kama ni can ƙuryar baki ta hagu. Dasashin wurin ya kumbura ya rufe wani ɗan tsinin haƙori da ya leƙo ya tsaya. Na tauna kanumfari har harshena ya mutu, na kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, na sha ƙwayoyin kemis. Sai ya lafa, in manta da shi, ya dawo da ƙarfinshi. Da abin ya kai ba ni iya buɗe baki in sa lomar tuwo, aka duba ni a Dutsin-Ma aka ce ba a taɓa irin wannan haƙorin sai an ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, kuma na'urar sai Katsina. Maigidana ya tafi Kano da lodin masara, don haka ya buga ma yayana waya ya roƙe shi ya tare ni a Kurfi, tunda nan mota ke bi.

Yaya ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Gidanmu na Tamawa gidan malamai ne, kuma da Baba ya rasu Yaya ya gaji makarantar allo da limancin masallacin ƙofar gida. Amma abin da aka san shi da shi a ƙasar Kurfi jan baƙi ne. Duk azumi, bayan la'asar, shi ke zama gefen malamin da ke tafsiri a cikin gari, ya karanto aya, malam ya fassara. Muryarshi ba mai tsawa ba ce. Tana da ɗan kauri, tana tafiya a hankali, kowane harafi ya fito da cikarshi. Matan da ke tuyar ƙosan shan ruwa a maƙwabtan masallacin sukan yanke hira in lasifika ta ɗauko shi.

Da motarmu ta iso Kurfi na hango shi a bakin titi da farar jallabiya da ƙaramin carbi, ya shiga gaba, ya waigo ya ce, "Auta, kumatun nan naki kamar kin ɓoye goriba." Ban iya dariya ba don zafi.

A asibitin aka tsayar da ni gaban na'ura, aka ce in ciji wata 'yar roba, hannun na'urar ya kewaye kaina yana ƙugi. Likitan haƙorin dattijo ne mai tabarau, mai magana a sanyaye. Ya juyo mana da kwamfuta don mu gani. Ban taɓa ganin bakina haka ba, haƙora a jere da saiwoyinsu dogaye, kamar ba nawa ba.

Ya sa bakin biro a ƙarshen layin ƙasa. "Malama, kin ga wannan na ƙarshe? Shi ake ce ma haƙorin hankali, don sai mutum ya girma yake fitowa. Naki wuri ne ya ƙare mashi. Ya taso ya tarar da na gabanshi ya tare hanya, sai ya jingina da shi. Abinci na shiga tsakaninsu, shi ke kawo maki kumburin."

Yaya mutum ne mai son sanin abu. Ya matso da kujera ya ce, "Likita, duk haka suke yi in sun rasa wuri?"

"A'a, Malam, kowane da yadda yake maƙalewa." Ya miƙe yatsa ɗaya yana karkata shi. "Wani a tsaye yake daidai, dasashi ne ko ƙashi ya danne mashi kai. Wani ya karkata gaba kamar nata, shi muka fi gani. Wani baya yake kallo, wajen kunne, wannan yana ba mu wuya wurin cirewa. Wani kuma kwanciya yake yi gaba ɗaya, kanshi tokare da saiwar maƙwabcinshi. Sannan mukan duba zurfin da ya yi cikin ƙashi, da ko ya kusanci wannan layin." Ya bi wani siririn duhu da ya ratsa ƙasan muƙamuƙin. "Nan jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji take bi. Nata ya yi nesa da ita. Ba abin damuwa ba ne."

Na yi hamdala a zuci. Sai na lura likitan ya bar kallon kwamfuta, Yaya yake kallo. Yaya ya sunkuya yana duba hoton, hasken taga ya faɗo mashi a gefen fuska.

"Allah gafarta Malam, tun yaushe kuncinka na dama ya fi na hagu?"

Yaya ya shafa gemu ya yi murmushi. "Tuwo ne, likita. Ba ya mani ciwo ko kaɗan."

"Ka yarda in taɓa?"

Ya taɓa ta waje, ya sa safar hannu ya taɓa ta ciki, ya daɗe yana dannawa. Ya ce a yi mashi hoton shi ma. Na san Yaya, kunyar dattijon ce ta sa ya tashi ya bi ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton.

Ko ni da ban san komai ba, da hoton ya fito na ga ba irin nawa ba ne. Ɓangaren hagu haƙora sun cika reras. A dama, na ƙarshen ba ya cikin layi. Yana can ƙasa, dab da gindin ƙashin, a kwance, shi kaɗai. Kewaye da shi wani baƙin fili ne, zagayayye, kamar ƙwan zabo.

Likitan ya ce, "Inda ya yi fari ƙashi ne. Inda ya yi baƙin nan, ƙashin ya cinye. Wani ƙari ne ya taso a jikin haƙorin da bai fito ba, shi ya yi ta tura shi ƙasa. Sai an yanki kaɗan an auna za a san irinshi. Galibi ba mai yawo a jiki ba ne, amma ba ya tsayawa da kanshi. Yanzu da sauran ƙashi a gefe da gefe. In aka yi aiki da wuri, za a cire haƙorin, a ƙwaƙule wurin, muƙamuƙin ya tsira."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Ya ɗaga yatsa ya nuna. "Layin nan da ka ce na leɓe, ina yake a nawa?"

"Ta cikin baƙin ya bi."

"In an ƙwaƙule fa?"

"Leɓen zai iya mutuwa. Wani ya dawo bayan watanni, wani ba ya dawowa."

"Likita, akwai haruffan da ba su fita sai an haɗa leɓe da leɓe. Ba'un da mimun. Wawun ma sai an tattara leɓe. Za ka iya ce mani za su fita yadda suke?"

Dattijon ya ce, "Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da iko a kai ba, Malam. Abin da na sani shi ne, in aka bari, abin da za a rasa ya fi leɓe."

A hanyar dawowa mota ta tsaya a Kurfi. Da zai sauka ya leƙo ta taga ya ce, "Azumi ya matso. Bari ya wuce tukun."

Ni an cire mani nawa bayan kumburin ya sauka. Allura, ɗan yanka, ɗinki, na yi kwanaki ina shan kunu, shi ke nan. Ko tabo ban ji da harshe yanzu.

Da na je Tamawa na faɗa ma Inna, mahaifiyarmu, duk abin da likita ya ce. Tana ɓarar gyaɗa, ta tsaya ta dube ni. "Ba ciwo, ba zazzaɓi, yana ci yana sha, a je a yanka mani ɗa saboda hoto?" Ba taurin kai ne da Inna ba. Ta ga mutane da yawa da aka kai babban asibiti da ƙafarsu aka dawo da su a kwance. Ta sa aka yi mashi rubutu, ta aika aka samo wata saiwa daga Kuki da aka ce tana sace kumburi. Yaya ya sha duka don ya faranta mata.

Azumi ya wuce, damina ta faɗi, ya ce bari a gama noma. Aka girbe, sai hanya ta lalace, ana tare motoci, kowa ya rage tafiyar da ba dole ba. Kafin a ankara wani azumin ya zagayo. Duk zuwana gida sai na tayar da maganar, har matarshi ta fara yi mani ido in na buɗe baki, don ta san ranar ba zai ci abinci ba.

Wata rana da hantsi na same shi a zaure shi kaɗai, ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, don girman Allah mu koma."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, Auta. Ke kina da takarda, in makaranta ta kore ki wata za ta ɗauke ki. Ni noma nake, kowa ma yana noma. Abu ɗaya aka ba ni da ba a ba kowa ba. Kina so in kai shi da hannuna a yanke?"

"Ai ya ce wataƙila ya dawo."

"Wataƙila ya ce. Yanzu kuwa ina da shi tabbas. Ki bar ni in yi amfani da shi."

Har yau in na tuna zaman nan ina neman kalmar da ta kamata in faɗa, ban same ta ba.

Ya bar gemu ya yi tsawo. Da gemu ya kasa rufewa ya fara naɗa rawani, yana jan amawali ya rufe haɓa, shi da a da ƙaramar hula ta ishe shi. Mutane suka ɗauka girma ne ya zo. Waɗanda ke zuwa tafsiri sun ce bai taɓa karatu mai daɗin na shekarun nan ba, har wasu na tasowa daga Dutsin-Ma a kan babur don su ji shi, su koma kafin a sha ruwa. Ni na je sau ɗaya na zauna wajen mata. Kowa na share hawaye saboda karatun, ni kuma ina sauraron yadda harshenshi ya fara ɗan nauyi a wasu wuraren da ba wanda ya lura.

A babbar sallar da ta biyo bayan azumi na uku abin ya faru. Muna tsakar gida da rana muna suyar naman layya, an kai ma maza nasu a zaure. Sai muka ga Yaya ya shigo, rawani a warware, ya tallabe haɓa da hannu biyu. Yawu da jini na bin tsakanin yatsunshi. Waɗanda ke tare da shi sun ce tsoka ce kawai ya tauna, ba ƙashi ba, suka ji ƙas, kamar an karya kara. Inna ta miƙe da ludayi a hannu, ta kasa matsowa. Shi kuwa yana so ya ce mata kada ta tsorata, bakin ya ƙi haɗuwa.

Likitan nan dai muka koma mawa. Bai ce ai na faɗa maku ba. Ya sa sabon hoton, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Baƙin da ya kai ƙwan zabo yanzu ya kama daga kusan haɓa har ya hau wajen kunne, ya rarrabu gida-gida kamar kumfar sabulu. Saiwoyin manyan haƙoran tauna biyu sun cinye, suna rataye ba abin da ya riƙe su. Ga layin karaya nan a inda ƙashin ya zama kamar ɓawon ƙwai. Haƙorin na nan, ya ƙara nitsewa, ya juya kanshi ƙasa.

"Yanzu ba maganar ƙwaƙula," in ji shi. "Sai an cire ɓangaren nan duka."

A wani babban asibiti a Kano aka yi aikin. Ni da matarshi muka yi jinya. Aka yanke rabin muƙamuƙin ƙasa, da haƙoran da ke kanshi, da jijiyar, aka sa ƙarfe a madadinshi. Wani ƙaramin likita da ya shiga aikin ya ce mana sun ga haƙorin a ciki, fari tas, ko ɗigon rami babu, tunda bai taɓa tauna komai ba. Ban san abin da ya sa ya faɗa mana ba. Matar Yaya ta fita baranda ta yi ta kuka.

Da aka kwance bandeji na gode Allah da ba madubi a ɗakin. Gefen fuskar ya faɗa ciki, haɓar ta karkace, leɓen ƙasa ya saki, yawu na zuba bai sani ba. Da tiyo aka fara ba shi abinci ta hanci, daga baya aka koma kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ran da aka cire tiyon matarshi ta kawo kofi, ya ɗaga hannu ta dakata, zai yi bisimilla. Muka ji iska ta fito da wani sauti da ba shi da kai. Ya sake. Ya sa yatsu ya ɗago leɓen ya haɗa da na sama, ya sake. Daga nan ya juya ya fuskanci bango, kunun ya huce a wurin.

Da muka dawo Tamawa gari ya cika gidan da 'yan dubiya, kowa ya fito sai ya sunkuyar da kai. Limanci ya koma hannun ɗan baffanmu. Makarantar ma shi ya riƙe, don yara ba su gane abin da Yaya ke biya masu, ƙananan kuma tsoron fuskarshi suke. Da azumi ya zo aka sa wani a kujerar jan baƙi. Malamin tafsirin ya zo da kanshi ya nemi izini, Yaya ya gyaɗa kai, ya kama hannunshi ya riƙe.

Karatunshi na da yana nan cikin wayoyin mutane, ana tura ma juna. Wani baƙo da ya zo gaisuwa daga Shema, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Malam, ka ga har yanzu kullum da kai nake tafiya gona," ya kunna. Muryar ta cika zauren. Yaya ya tashi, ya bar takalmanshi a wurin, ya shige cikin gida. Tun daga ranar aka san ba a kunnawa a kusa da shi.

Inna ba ta ƙara duban fuskarshi ba. In ya shigo gaishe ta, tabarma take kallo tana amsawa. Ta rage ci, ta rage magana. Sau ɗaya ta ce mani, muna tankaɗe, "Auta, hoton nan da kuka ce, da ni aka nuna mawa da idona." Ba ta ƙarasa ba. A daminar da ta biyo ta kwanta, ciwon da bai kai a kai ta asibiti ba, ta rasu. Maigidana ne ya ba ni labarin jana'izar. Da aka ajiye ta aka daidaita sahu, mutane suka buɗa ma Yaya hanya don ya shige gaba, shi ne babban ɗa, shi ne malami. Ya yi taku biyu ya tsaya. Kabbarar da za a ji har sahun baya ba za ta fita ba. Ya ja da baya ya tura ɗan baffanmu.

Bara ƙarfen ya fara huda fata ta ƙarƙashin haɓa, wurin na ruwa, yana wari duk wankin da matarshi ke yi. Wani sabon tudu kuma ya taso gaban kunne. Muka lallashe shi aka sake hoto. Likitocin suka ce ƙarin ya dawo a guntun ƙashin da aka bari, sai an sake buɗewa, a cire, wataƙila a yanko ƙashi daga ƙugu a dasa. Yanzu na iya jin maganarshi, ni da matarshi, kamar yadda uwa ke jin ta ɗan da bai iya baki ba. Abin da ya tambaya shi ne ko dashen zai dawo da leɓe. Aka ce a'a. Ya naɗe rawaninshi ya miƙe.

Watan jiya na je. Na same shi bayan gida ƙarƙashin darbejiya, a kan buzu, da tsumma a hannu yana tare yawu. Ya rame har agogo na yawo a hannunshi. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce in karanta mashi wani abu da ka, ko gajeruwar sura ce.

Na ce, "Yaya, ni? Ka san karatuna."

Ya yi alama da hannu in fara. Na gyara mayafi na fara. Ban yi nisa ba na ja wani wuri da ba a ja. Na ji da kaina. Hannunshi ya tashi da sauri, ya buɗe baki zai faɗi yadda yake. Sautin ya fito, ni ban gane ba, shi ma ya ji bai fito ba. Hannun ya tsaya a sama ɗan lokaci, sannan ya sauke shi kan gwiwa, ya nuna mani in wuce. Na ƙarasa surar da kuskurena a ciki.

Matarshi ta leƙo ta ce in zan tafi in tashi, direbobi ba su yarda la'asar ta same su a hanya. Ta ƙulla mani kuka da daddawa a leda. Na durƙusa na yi mashi sallama, ya ɗaga tsumman kaɗan. Da na kai ƙofa na waiga, ya jawo buta yana ƙoƙarin kurkure baki don alwala, ruwan na zubo mashi a gaban riga.